Tutar da Ladi Ta Ɗinka

A daminar da aka yi juyin mulki aka rufe iyaka da Najeriya, Zakari, shugaban 'yan kabu-kabu na tashar bakin kasuwar Maraɗi, ya kafa doka: duk moto, wato babur, da bai ɗaura tutar Rasha ba, kada ya shiga layi.

Maidawa manomin gero ne daga Tsibiri, da kabu-kabu yake ciyar da gida kafin kaka. Bai san inda Rasha take ba, bai kuma tambaya ba. Telolin gari sun tsawwala kuɗin tuta, sai ya sayi ƙyalle fari da shuɗi da ja ya kai wa matarsa Ladi. Ta haɗa su tsaf, amma ta naɗe wurin zura sanda a gefen farin. Da aka ɗaura, zane ukun suka miƙe tsaye maimakon su kwanta.

Da safe yana kashe moto a layi, wani matashin ɗan kabu-kabu, Muhammad Auwal, ya daka tsawa.

"Jama'a, ku zo ku ga ɗan Faransa!"

"Wace Faransa? Rasha ce," in ji Maidawa.

"Ta Rasha kwance take, tsoho. Mai tsayuwa ta Faransa ce."

"To launin ba ɗaya ba ne?"

Muhammad Auwal ya juya ga mutane. "Kun ji ko? Ya ce da Rasha da Faransa duk ɗaya ne!"

Nan da nan aka kewaye shi. Isansi, man moto, ya yi tsada, wutar lantarki ba ta zama, fasinja sun ragu. Kowa yana neman wanda zai sauke wa haushi. Zakari ya ratso taron ya kama bakin tutar. Ya yi lakwal, makarantar boko, ya san ta Faransa da shuɗi take farawa. Maidawa ya ga hakan a fuskarsa, ya jira ya faɗa. Zakari ya dubi mutanensa, ya saki bakin tutar ya ja baya.

"Uwarsa 'yar Jibiya ce ta Najeriya," wani ya ce daga baya. "Ɗan Sedeyawo, ƙungiyar ƙasashen da suka rufe mana iyaka! Su za su kawo mana yaƙi."

Maidawa ya sauka daga moto.

"Wane ne cikinku ba shi da dangi a Katsina? Kai Shugaba, isansin da ke tankinka, daga Rasha aka ɗauro shi, ko ta daji aka shigo da shi daga Najeriya?"

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri. Fuskar Zakari ta ɗaure.

"Cire rigar tasha."

"Shugaba, ɗinki ne. A farke gefe guda, shi ke nan."

"Na ce cire."

Maidawa ya cire, aka fizge. Muhammad Auwal ya zare tiyon moton, ya tsiyayi isansi a kan tutar, ya kyasta ashana. Aka yi sowa, wasu suna ɗauka a salula.

Da wutar ta mutu, Maidawa ya mayar da tiyo, ya tura moto har bakin titi. Wata 'yar Jiratawa da ta sayar da zogalenta ta ɗaga masa hannu. Da ta ga ba rigar tasha a jikinsa, ta sauke hannun, ta wuce wajen layi.