Giwar da Ta Katse Mutuwar Dakta Ambrose

Mu marubutan wasan kwaikwayon talabijin na rana ba mu da wata daraja a New York, kuma mun sani. Masu rubuta wasannin dare, da ke yin kashi goma a shekara su tafi hutu, in ka haɗu da su a wajen biki ka faɗi aikinka, sai su yi maka irin murmushin da ake yi wa marar lafiya. Mu kuwa daga Litinin zuwa Juma'a, da rana tsaka, dole mutanen shirinmu "Kwarin Alder" su yi aure, su rabu, su ci amanar juna, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Ni ce mai rubuta kashin Talata, sunana Roz Petrakis. Alhamis kuwa ta Lowell Szabo ce tun ina makarantar firamare.

Lowell dogo ne siriri, kullum cikin rigar sanyi ruwan ƙasa, kullum da lemo a aljihu. Sau biyu yana kashe Dakta Ambrose, babban likitan garin namu na ƙarya. Na farko ya jefa shi daga kan dutse, na biyu ya nutsar da shi a tafki, kuma duk ya dawo da ƙafarsa, don a sana'armu duk wanda ba a ga gawarsa ba yana nan tafe. Amma a bana ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Ambrose ya ce ya gaji, zai koma Florida kamun kifi. Shi ma Lowell ya ce ƙarshen shekara zai ajiye aiki. Matarsa Ilona ta rasu da bazara, kuma tun daga nan hirarsa ta ragu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, duk shekarun nan ko sau ɗaya sunan Lowell bai taɓa shiga takarar Alƙalamin Azurfa ba. Ita ce kyauta ɗaya tilo da aka ware wa irinmu. Kowane shiri kashi ɗaya yake miƙawa, kuma sunan da ya fito a allon talabijin shi ne ɗan takara. Kashin da ake miƙawa kullum na biki ne ko na gobara, su kuwa ranar Juma'a ake sa su, ko farkon mako. Alhamis ranar share fage ce, mutane su yi ta shan gahawa suna cewa, "Akwai abin da ya kamata ka sani," sannan a buga ƙofa.

Sai ga mutuwar Ambrose ta faɗo wata ranar Alhamis cikin Oktoba, Lowell kuwa ya rubuta abin da ban taɓa karanta irinsa ba. Babu guba, babu tagwayen da suka ɓata. Octavia ce kawai, matar likitan, zaune a bakin gadonsa tana yi masa faɗa a kan famfon kicin da ya yi shekaru yana cewa zai gyara. Shi yana kare kansa, ita tana ƙara hawa, har ta lura ya daina ba ta amsa. Ranar da aka ɗauka, masu riƙe da kyamara, ƙattin da ba sa kuka ko a jana'izar iyayensu, sai da suka yi ta jan hanci.

Ranar da aka sa shi muna ofis, mun kewaye talabijin. An yi rabi, Octavia ta fara maganar famfo, Ambrose ya buɗe baki zai amsa, sai allo ya yi ja: labari da ɗumi-ɗumi. Wata giwa mai suna Clementine ta ɓalle daga motar masu wasan dabbobi a Ohio, ta hau babbar hanya. Tashar ta yanke mu a duk faɗin ƙasar. Muka zauna baki buɗe muna kallon jirgi mai saukar ungulu yana bin giwa, ita kuwa ko a jikinta, ta tsaya a lambun wani bawan Allah tana cin kabeji. Kafin a kama ta lokacinmu ya ƙare. Washegari masu kallo suka tarar ana jana'iza. Tashar ta jefa ragowar kashin a intanet, inda tsofaffin da ke kallonmu ba sa zuwa, suka yi ta bugo waya suna cewa ba su yarda ba, tunda ba su ga gawa ba.

Shugabar marubutanmu, Bernadette Fusco, 'yar guntuwar mace da ke tauna cingam kamar da gayya tun da ta bar taba, ta kira sakataren kwamitin kyautar, wani Mista Dunleavy. Ta ajiye wayar ta ce, "Wai doka ta ce sai an nuna kashi a talabijin daga farko har ƙarshe, a cikin shekarar. Intanet ba talabijin ba ne. Ya ce yana jajanta mana, shi ma ya kalli giwar." Ta juyo wajena. "Roz, naki za mu miƙa, na bikin nan da amarya ta gano limamin cocin ubanta ne."

Ba zan yi ƙarya ba, daɗi ya kashe ni. Kafin ta rufe baki na riga na zaɓi rigar da zan sa, na tsara waɗanda zan gode wa da waɗanda zan tsallake da gangan. Sai Lowell ya miƙo mini ɓarin lemo ya ce, "Barka, yarinya. Kashin ya yi kyau, kin cancanta." Da zuciya ɗaya ya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da ya ɗaure fuska da na ci kyautata cikin kwanciyar hankali.

Mako biyu ina fama da kaina. A taron tsara labari na gaba na ce, "Mu sa wa Octavia ciwon mantuwa."

Bernadette ta daina tauna. "Ke, sau uku matar nan tana mantuwa. Kanta ya gaji."

"Shi ya sa ba wanda zai yi mamaki. Ta farka a asibiti ba ta san mijinta ya mutu ba, sai abin ya riƙa dawo mata. Mu sa hoton tuna baya, mu zuba kashin Lowell gaba ɗaya a ciki. An nuna a talabijin ko ba a nuna ba?"

Ta zuba mini ido, sannan ta ce, "Me zai faɗo mata a ka? An yi fitilar rufi, an yi doki."

"Bishiyar Kirsimeti."

"Tabɗi! Ashe muguwa ce ke." Ta duba jadawali. An riga an ɗauki kusan komai na Disamba, gurbi ɗaya ya rage, ranar ƙarshe ta shekara, kuma Talata ce. "Ranarki ce, Roz. In kin ba shi, sunansa zai fito, kuma nasa za mu miƙa. Amaryarki da limaminta sun tafi ke nan. Kin san abin da kike yi?"

Na ce, "Shugaba, kar ki tambaye ni sau biyu, don amsar za ta canja."

Wanda ake yi dominsa shi ya fara tayar da ƙayar baya. Lowell ya ce, "Haba! Ciwon mantuwa shirme ne. Ba za a rotsa wa Octavia kai saboda ni ba. Matar nan takaba take yi."

Na ce, "Dattijo, kai da ka taɓa binne ta da rai a cikin akwatin fiyano, yau kake tausayinta?"

"Wancan labari ne ya buƙata."

"Wannan ni na buƙata. Na haƙura da rigata ta bikin kyautar saboda kai, ka karɓa ko in shaƙe ka da lemon nan."

Ya ci gaba da ɓare bawo. Can ya ce, "To. Amma farkawarta a asibiti ni zan rubuta. Ba na son ki sa mata ihu da fasa kwalabe." Na ji zafin maganar, don abin da na shirya ke nan.

An ɗauki sababbin wuraren, an haɗa, sai ga wayar Mista Dunleavy, wani ɗan gulma ya kai masa labari. Bernadette ta buɗe muryar wayar kowa ya ji. Cikin ladabi ya ce akwai wata dokar kuma: duk kashin da fiye da rabinsa tsohon hoto ne, maimaici ne, ba ya shiga takara.

Na jawo wayar gabana. "Mista Dunleavy, ranka ya daɗe, a watan jiya ka ce ba a nuna kashin nan ba."

"Haka ne, Madam Petrakis."

"Yau kuma ka ce maimaici ne. Yaya ake maimaita abin da ba a nuna ba?"

"Ai an nuna rabi."

"To rabin da aka nuna, rabi ne ko fiye da rabi? Ka tambayi giwar, ita ta riƙe agogo."

Ya yi tari. Na ce, "Ka zaɓi ɗaya. In an nuna, karɓi na Oktoba. In ba a nuna ba, na Disamba sabo ne fil. Mu duk wanda ka ɗauka mun gode."

Muka ji yana ta buɗe takardu. Daga ƙarshe ya ce da muryar wanda aka taka wa ƙafa, "Kwamiti zai ɗauke shi a matsayin sabo. Amma da sharaɗi, sai ya fita daga farko har ƙarshe ba a katse ba. In aka yanke ko na minti ɗaya ne, ba ruwana, kuma shekara ta ƙare."

Ranar Talatar na hau jirgin ƙasa zuwa Queens, unguwar su Lowell, don na san in ba a je ba Lowell ba zai kunna talabijin ba. Gidansa tsaf, takalman Ilona na cikin gida suna nan a bakin ƙofa. Ya kawo gahawa muka zauna. Ban taɓa yi wa duniya addu'ar zaman lafiya irin ta ranar ba. Na roƙi kada shugaban ƙasa ya ji sha'awar yin jawabi, kada guguwa ta taso, kada wani ya manta ƙofar keji a buɗe daga nan har California.

Aka fara. Ban karanta farkawar asibitin da ya rubuta ba, ya hana kowa sai 'yan wasa da Bernadette. Octavia ta buɗe ido da bandeji a ka. Ba ta yi ihu ba. Ta dubi ma'aikaciyar jinya ta ce, "A kawo gahawa kofi biyu, Ambrose ba ya son sukari." Aka kawo, ta ajiye nasa a gefe, tana ta mita wai ya cika latti. Gahawar tana hucewa, abin yana dawo mata kaɗan-kaɗan: gadon, hannunsa, famfon kicin. Muka iso daidai inda giwa ta shigo, na riƙe numfashi. Ambrose ya buɗe baki, a wannan karon ya amsa. Ya ce, "Gobe zan gyara." Octavia ta yi ta faɗa har ta lura ya yi shiru. Aka dawo asibiti, tana kallon kofi na biyu. Ta ce wa ma'aikaciyar, "Bar shi. Gobe ma ki kawo biyu, sai in sake tunawa."

Kiɗan rufewa ya tashi, sunan Lowell Szabo ya hau allo, babu jan rubutu, babu giwa. Na daka tsalle na ce, "Ya shiga! Dattijo, ka shiga takara!" Wayata ta hau ruri, Bernadette ce. Hawaye na zuba ina dariya, ina kuma jin haushin rigar da ba zan sa ba.

Na ce wa Lowell, "Amma kai maƙaryaci ne. Ka ce ciwon mantuwa shirme ne, ga shi ka mai da shi abin da ya fi komai."

Ya ce, "Shirme ne mana, in bishiya ce ta jawo. Na gaskiyar ba ya buƙatar bishiya. Kowace safiya ake yin sa."

Ya tattara kofunanmu ya nufi kicin, na bi shi don in taya shi wankewa. A kan teburin kicin akwai wani kofin, cike da gahawar safe da ta yi sanyi, ba wanda ya taɓa. Na miƙa hannu zan ɗauka, ya ce, "Bar wannan, Roz." Na bar shi. Ya buɗe famfo, na ga yana ɗiga ta gindi, an tara masa kwano a ƙasa.