Mai Saurin Tafasa

Malam Bature malamin kimiyya ne a wata sakandare a Malumfashi, mutumin kirki, sai dai zuciyarsa a kusa take. Yayansa Mahadi ya shuka waken suya a gonar gandunsu ta Dandume, inda Bature ya so a shuka masara, ba tare da shawara ba. Shi ke nan Bature ya rantse sai ya sayar da rabonsa. Har ya yi da dillali za su haɗu bayan Azahar.

Da safen ya shiga aji da kwalba biyu. Ya ɗiga sifirit a kan tebur, ya ɗiga ruwa a gefensa. Kafin ya gama goge allo sifirit ya bi iska, ruwa kuwa yana nan zaune abinsa.

"Kowane abu mai ruwa-ruwa ƙananan ƙwayoyi ne riƙe da juna," in ji shi. "Zafi ke raba su. Na ruwa sun riƙe juna gam, sai wuta ta kai digiri ɗari yake tafasa. Na sifirit riƙonsu sako-sako ne, tun wajen saba'in da takwas kowa ya kama gabansa."

Fiddausi, wadda ba ta barin magana ta wuce sai ta juya ta da Hausar gida, ta ɗaga hannu.

"Malam, ke nan mai saurin tafasa shi ne wanda riƙonsa da 'yan'uwansa ba shi da ƙarfi?"

"Haka ne," ya ce. Sai kuma ya tsaya da alli a hannu. Yarinya kimiyya take tambaya, amma kunya ta rufe shi kamar an kama shi da hannu a tukunya.

Azahar ta yi, dillali ya yi ta kira, waya na kuka a aljihu. Bature ya hau babur ya miƙi hanyar Funtuwa, ya zarce Dandume.

Ya iske Mahadi a duƙe cikin waken, wanda, a faɗi gaskiya, ya yi kyau. Yayan ya ɗago ya dube shi, bai yi mamaki ba.

"Malam, ka huce?"

"Da saura, Yaya. Amma ban bi iska ba."

Mahadi ya share gumi, ya miƙa masa fartanyar mahaifinsu, ya nuna masa kunyar da ke kusa da tasa.