Shaidar Mai Moussa

Mai Moussa mahauci ne a unguwar La Guillotière ta birnin Lyon, kuma bai taɓa shiga kotu ba sai a kan maganar ido.

Ɗiyar ƙanwarsa, Ruwaida, ita ta ƙirƙiro wata manhaja ta gwajin ido a salula. Ka jingine wayar nesa, ka rufe ido ɗaya, ka faɗi hoton da ka gani, ta gaya maka ko kana bukatar tabarau. Ƙungiyar masu sayar da tabarau ta yi kutun-kutun har aka hana abin, wai ba a gwada ido sai a kanti. Ruwaida ta kai ƙara Paris. In ta faɗi, aikinta ya mutu.

"Kawu, kai za ka yi mini shaida," ta ce a waya. "Duk Lyon babu wanda ya kai ka sakamako."

Ya sa babbar riga, ya hau jirgin ƙasa. A kotu aka ba shi tafinta. Ya gaida alƙaliya, ya tambayi gida da yara da gajiya, sai da aka ce ya isa.

Lauyan ƙungiya ya miƙe. "A ina ka yi gwajin?"

"A fadarmu ta shayi, bayan kantina. Muka jingine wayar a jikin buta."

"Ku da wa?"

"Ni da Hassoumi da Youssouf da sauran jama'a. In na ce kaza, Hassoumi ya yi tari, sai in ce mota. In ya ƙara tari, Youssouf ya faɗa mini a kunne."

Ruwaida ta kifa kai a tebur. Mai Moussa ya rasa dalili. Wane mutumin kirki ne zai zauna yana kallo waya ta kunyata dattijo a gaban mutane?

Lauya ya washe baki. "Kin ji ko, ranki ya daɗe? Shi ya sa muke cewa a zo kanti, gaban gwani."

"Kai, tafinta, gaya masa na je kantin nasu," in ji Mai Moussa. "Bara. Da jama'ata na je."

"Aka bar su suka shiga?"

"Wa zai hana? Na ce masu fassara ne. Mai kantin yana ta danne-danne a kwamfuta, Hassoumi yana tari. Ya ce idona ya fi na yaro, ya sayar mini da tabarau na rana."

Alƙaliya ta cire nata tabarau ta goge hawayen dariya. Da ta samu numfashi ta ce tunda kanti bai fi waya iya korar Hassoumi ba, an ɗage hanin har a gama shari'a. Sharaɗi ɗaya: manhaja ta riƙa gargaɗin mutum ya yi gwaji shi kaɗai.

"Shi kaɗai? Kamar maye?" Mai Moussa ya ce da ƙarfi. Tafinta ya yi kamar bai ji ba.

A bakin ƙofa ya hangi wani mai baƙar rigar lauya, ya nufe shi ya rungume. "Allah ya saka maka, ka yi wa ɗiyata aiki!"

"Kawu," Ruwaida ta ce a hankali, "wannan lauyansu ne. Zo, zauna nan. Rufe ido ɗaya."