Tsagar da ke Jikin Tanderu

"Ba zan sa hannu ba," in ji Yaya. "Ka ji ni da kyau, Auta. Ba zan sa ba."

Auta ya zuba wa takardar da ke kan tebur ido. Hannun jarin kamfanin kwalabe ne, wanda marigayi mahaifinsu ya tara tsawon shekarun aikinsa a can, ya bar wa Inna ta riƙa cin ribarsa. Da sunan su biyu aka rubuta. Ba ya sayuwa sai kowa ya sa hannu.

"A sayar yau, Yaya."

"Yau? Ranar da kowa ke rububin saye?" Yaya ya tura masa waya har kusa da hanci. "Duba. Tun da kamfani ya ce zai sayi hannun jarinsa da kansa, farashi sai hawa yake. In ya kwashe na kasuwa, masu rabon riba sun ragu, kasonmu ya ƙaru. Ai lissafin aji uku ne. Ko da yake na manta, kai a nan ka faɗi."

Inna na bakin ƙofa tana ɗinke aljihun riga, kamar ba ta jin su.

"Kuma wane mahaukaci ne zai sayi kayansa in bai san alheri na tafe ba?" Yaya ya ƙara da cewa.

Auta ya san amsar. Shekara shida ke nan yana aiki a kamfanin, tsaye gaban tanderun da ake narka gilas. Wata uku da suka wuce bangonsa ya tsage, daga ƙasa har daidai kafaɗar mutum. An ware kuɗin sabo, sai kwatsam aka ce an ɗage. Satin da ya biyo baya aka sanar da sayen hannun jari. Injiniya ne ya raɗa masa cewa ladan manyan ofis da farashi aka ɗaure shi: in ya hau, su hau. Daga nan aka bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya da takarda, duk wanda ya fitar da zancen tanderu waje, a bakin aikinsa. Yaya kuwa bakinsa ba ya riƙe magana, ko a jana'iza.

"Ni dai na ce a sayar."

"Dalili?"

"Haka raina ya ba ni."

Yaya ya tuntsire da dariya. "Inna, kin ji malamin duba! Abincinki za a sayar don ransa ya ba shi." Ya ninke takardar, ya miƙe, ya laluba makullin babur.

Auta ya dubi Inna da rigar da take ɗinkewa.

"Tanderun ya tsage," ya ce.

Yaya ya tsaya cak.

"Kuɗin gyaransa ne suke sayen hannun jarin da su. Bulo muke liƙa masa kullum. Injiniya ya ce in ya kai ƙarshen shekara an yi sa'a. Ranar da ya fashe, takardar nan ko ƙulla gishiri ba za ta yi ba. In kuma maganar ta fita ta bakinka, na rasa aiki."

Yaya ya koma ya zauna a hankali. Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya zaro biro ya sa hannu, ya kira dillalin hannun jari.

"Sayarwa?" Muryar dillalin ta cika ɗakin. "Yanzu fa ya ƙara hawa, ranka ya daɗe! Ka bari ko zuwa jibi mana."

"Duka. Yau."

Ya kashe wayar. Bai yarda sun haɗa ido da Auta ba.

Inna ta ciji zaren ta tsinke shi, ta ajiye rigar a cinya.

"Auta," ta ce, "ranar da zai fashe ɗin, wa ke tsaye a gabansa?"