Fiyanon Katako

Fiyanon da Malama take koyar da yara da shi ba ya ƙara. Dogon katako ne da Babanta kafinta ya goge sumul, ya shafa masa farin fenti, ya ja layuka, ya zana baƙaƙen madannai yadda ya gani a hoton wani tsohon littafi. Kullum da safe takan saɓa shi zuwa makarantar firamaren da take aiki, ta shimfiɗa a kan tebur. Yaro ya ɗora yatsa, ita kuma ta rera sautin da baki. In ya danna inda ba nan ba ne, sai ta rera masa kuskurensa, aji ya kwashe da dariya.

Ko a kwalejin malamai ba ta taɓa na gaske ba, don nasu ya lalace tun kafin ta shiga. A littafi ta koya. Amma tana da wani kiɗa nata na kanta, wanda ta daɗe tana haɗawa a kan katakon nan da yamma, bayan Baba ya rufe shago. Kiɗa ne na hannu biyu, shi kuwa baki sauti ɗaya yake iya fitarwa a lokaci guda. Saboda haka ba ta taɓa jin abin da ta haɗa ba. Ba ta ma san ko yana da daɗi ba.

Da shugaban makaranta ya ce an sa sunanta a bitar malaman kiɗa da waƙa, tambaya ɗaya ta yi, ita ma kanta a sunkuye.

"Ranka ya daɗe, akwai fiyano a wurin?"

"Haka na ji. Ke dai ki dawo mana da takardar shaida."

Akwai kuwa. Yana kusurwar zauren, an rufe shi da jan ƙyalle. A kujerar da ta fi kusa da shi ta zauna tun ranar farko. An koya musu yadda ake raba aji rukuni-rukuni, da tafi na ƙidayar kiɗa, da yadda yaro zai ja numfashi kafin ya ɗaga murya. Tana rubutawa, amma rabin hankalinta yana ƙarƙashin jan ƙyallen. Mai horar da su, wata dattijuwa da kowa yake kira Anti, ta ce ranar ƙarshe kowa zai sami ɗan lokaci a kansa.

Wani malami mai busa ƙaho, da ake ce wa Dogo, shi ya fara gano ta.

"Malama Shiru, kallon nan da kike wa akwatin nan, ko a sa muku rana ne?"

"Ƙyale ta, Dogo," in ji wata. "Kai da ƙahonka wa ya raba ku?"

"Ni ai maƙwabta sun yi ƙoƙari."

Malama ta yi murmushi ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi. Yatsunta suna ta motsi a kan gwiwa.

Ranar ƙarshe aka yaye ƙyallen. Layi ya yi tsawo, ita ce kusa da ƙarshe don ba ta iya turereniya. Da ta zauna, sanyin madannan ya ba ta mamaki, ga santsi, ga su suna nutsewa ƙarƙashin yatsa kamar suna numfashi. Ta rufe ido yadda ta saba, ta buɗe hannuwa, ta sauke su.

Abin da ya fito kamar an kifar da kwandon kwanuka. Ta sake, ya sake fitowa haka. Wani ya yi tari don ya danne dariya. Dogo ma ya kawar da kai, wannan ya fi yi mata ciwo.

Anti ta matso, ta tsaya tana kallon hannuwan.

"'Yata, a kan me kika koya?"

"A kan katako, Anti. Babana ya zana mini."

"Buɗe hannunki in gani. Kin ga? Yatsunki sun san hanya sarai, takunsu ne ya yi faɗi. Duk inda kika nufa sai ki tsallake shi ki faɗa gidan maƙwabci. Madannan katakonki sun fi waɗannan girma."

"Zai gyaru?"

"Zai gyaru, amma ba yau ba. Buɗe ido, ki bi da yatsa ɗaya."

Da yatsa ɗaya ta bi, a hankali, tana neman kowane madanni da ido. Farkon kiɗan ya fito tsirara, ba hannun hagu, ba rakiya. Amma shi ne. Ta gane shi kamar yadda ake gane muryar ɗan'uwa a bayan ƙofa. Ta kai inda hannu na biyu zai shigo, inda ta fi ɗokin ji, sai wanda ke bayanta ya taɓa agogonsa.

"Malama, a tausaya mana, motarmu ba ta jira."

Kafin ta tashi ta zare zare ɗaya daga gefen mayafinta, ta miƙe shi a kan madannan, ta ƙulla daidai bakin kowanne har inda zaren ya ƙare.

Ta iske Baba a ƙofar shago yana kaɗe garin katako daga rigarsa. Idonsa ya yi rauni yanzu, da hannu yake yawancin ganinsa.

"Auta, kin dawo? To, yaya nasu? Ya kai nawa?"

"Naka ya fi kyan fenti, Baba."

"Ban tambaye ki fenti ba."

Ta ɗora masa zaren a tafin hannu. Ya sa aka kawo katakon, ya shimfiɗa zaren a kai, yana bin ƙulli da babban yatsa, yana bin layukan fentinsa. Ƙulli na farko ya kusa. Na gaba ya ja baya. Daga nan kowanne sai ƙara guduwa yake yi. Ya ajiye zaren.

"Ashe masu ƙera abin nan rowar katako gare su," ya ce. "Ni don yara su gani da kyau na faɗaɗa."

"Na sani, Baba."

"Gobe zan goge in sake ja. Amma kin ji kiɗan naki?"

"Na ji farkonsa."

"Da daɗi?"

"Farkon da daɗi."

Ya tura mata katakon. "To, yi mini kafin in goge."

Ta ɗora hannuwa biyu, suka faɗa wurarensu ba kuskure ko ɗaya. Farkon kiɗan ya tashi a kunnenta da ainihin muryar da ta ji a zauren, har ta riƙe numfashi. Ta kai inda hannun hagu yake shigowa. Daga nan babu abin da ya rage sai ƙwas-ƙwas ɗin farce a kan fenti, Baba kuma yana gyaɗa kai yana saurare.