Sha Bakwai Cikin Ashirin

Bayan sojoji sun koma bariki da 'yan shekaru, aka buɗe wata sabuwar jami'a a bayan garin Katsina. Gwamnatin farar hula na son a ga baƙin ɗalibai daga ƙasashen waje, don haka jami'ar ta ware musu ofis, ta danƙa shi ga Malam Sa'idu Dabo, tsohon malamin lissafi mazaunin Ƙofar Ƙaura. Sharaɗin a rubuce yake: ɗalibai talatin kafin ranar rantsar da sababbi, ko a rufe ofishin.

Malam Sa'idu da kansa ya tsara fam ɗin neman gurbi, da wurin rubuta makin ɗalibi. Ya aika Maraɗi da Damagaram, fam arba'in da ɗaya suka dawo. Da ya duba sai ya riƙe baki. Sha biyu, sha uku, sha huɗu. Mafi girma sha bakwai ne, na wata Kubura Tanko. A ƙa'idar jami'a duk abin da bai kai arba'in ba faɗuwa ne. Ya rubuta wa kowa wasiƙar haƙuri, sannan ya kai wa majalisar jami'a rahoto cewa karatu ya mutu a makarantun Nijar. Majalisa ta amince a daina nema daga can.

Saura kwana shida a yi rantsuwa, wani dattijo ya yi sallama a ofis. Alhaji Tanko ne, falken atamfa daga Maraɗi, ya kawo kaya Babbar Kasuwa ya biyo. Suka gaisa, aka tambayi hanya da iyali da ciniki. Alhaji ya ja shi da tsokanar da aka saba, wai su na Maraɗi ne Katsinawan asali, na nan masu gadin gida ne. Malam Sa'idu ya ce ai wanda ya gudu ya bar gida ba shi da bakin magana. Aka yi dariya. Sai Alhaji ya zaro wasiƙa daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

"Malam, ɗiyata ce Kubura. Ka ce ta faɗi. Ita ta zo ta ɗaya a jiharmu kaf."

Malam Sa'idu ya bayyana masa a tsanake cewa sha bakwai cikin ɗari ba maki ba ne a ko'ina.

"Wace ɗari?" in ji Alhaji. "Mu can bisa ashirin ake bada maki. Ko malamin bai samun ashirin."

Malam Sa'idu ya jawo kwalin fama-faman, ya ɗauki biro, ya ninka sha bakwai sau biyar. Tamanin da biyar. Ya ɗauki na ƙasa duka, mai sha biyu. Sittin. Ya bi arba'in da ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, Alhaji na zaune yana jan carbi. Babu wanda ya faɗi. Ya sake duba fam ɗin da ya tsara: wurin maki kawai ya bari, bai tambayi cikin nawa ba.

Nan take ya ce a kawo Kubura gobe. Alhaji ya ce ƙasar Maroko ta ɗauke ta karatun likita, tun Alhamis ta tashi. Sauran yaran wasu na Yamai, wasu sun ajiye boko sun kama sana'a saboda wasiƙar. Shi dai ya zo mayar da takarda ne, don ba ya son ta kwana a gidansa.

Kafin azahar Malam Sa'idu ya shiga wurin shugaban jami'a, ya janye rahotonsa, ya faɗi kuskuren da sunansa. Shugaban ya tambaye shi darasin da ya koyar a da. Ya ce lissafi.

Washegari ya kama hanyar Jibiya da kwalin a bayan mota. Kwana huɗu yana bin gidaje a Maraɗi da Damagaram yana ba iyaye haƙuri. Tara suka yarda. An rantsar da su tare da sauran sababbi, aka rufe ofishin ranar Litinin kamar yadda sharaɗi ya ce.