Man Inna Ramlatou

Shekara biyu Massaoudou ya yi a ƙarƙashin wata tsohuwar Fijo a garejinsa na Parakou. Ya fitar da injinta, ya dasa wani mai turbo, na'urar ƙara ƙarfi, da ya sayo daga Cotonou, ya yanka nan ya liƙa can, har yatsunsa suka yi kanta. Duk don wasan dirif ne, inda ake sa bayan mota ya riƙa zamiya tana zagaye, taya na hayaƙi. Gasar kuwa ranar Lahadi ce.

Inji ne mai tsirfa kamar amarya. Man gidan mai kaɗai yake sha. Ka ba shi kpayo, wannan fetur na kwalba da ake sayarwa a bakin hanya, kana takawa da ƙarfi ya tashi aiki.

To ranar Juma'a sai zumuɗi ya kai shi Djougou da motar, wai Inna ta gani. Inna Ramlatou ƙanwar mahaifiyarsa ce, ita ta riƙe shi tun yana maraya, kuma da me ta ciyar da shi? Da kpayon nan dai, kwalba-kwalba, a teburinta na hanyar Sérou.

Ta zagaya motar tana tafa hannu. "Kai, ɗan nan! Wannan ai jirgi ne."

Kafin ya gama gaisawa da maƙwabta, ta buɗe tanki, ta kafa mazurari, ta ɗauko jarkar da ta fi kowace cika.

"Inna, bari, da mai a ciki."

"Rufe min baki. Motar ɗana ta zo ƙofata ta koma ba ta sha nawa ba? Me za a ce da ni?"

Wallahi maganar ta zo masa har maƙoshi. Amma ta yaya zai ce man da ya yi masa goyo ba shi da kyau, a gaban mutane? Ya tsaya yana kallon jarkar har ta ƙare. A ransa ya ce zai lallaɓa bayan gari ya zubar.

Ina! 'Yan acaɓa sun riga sun cika filin kasuwa suna ihu. Inna ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Juya min ita in gani, kafin in mutu."

Ya shiga. Zagaye na farko motar ta yi rawa yadda ya yi mafarki, jar ƙasa ta tashi, Inna na guɗa. A na biyu ya ji ƙas-ƙas-ƙas a cikin injin, ya san ko mene ne, amma guɗar ba ta tsaya ba, shi ma bai ɗaga ƙafa ba. A na uku aka ji fam! Farin hayaƙi ya turnuƙe, baƙin mai ya malale a ƙasa.

Wani ya sheƙe da dariya. "Aikin makanikan Parakou ke nan! Kwalliya a waje."

Baƙin ciki ya kusa kashe shi. Inna ta matso.

"Massaoudou, ko man nawa ne?"

Ya dube ta. "A'a, Inna. Ni ne ban iya haɗawa ba."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. To ka koma ka ƙara koyo, ɗana. Idan ka gyara, ka kawo in sake cika maka."